Aiki ya kawo ni Kano: haya zan kama ko in daure in saya?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. An yi mini canjin wurin aiki daga Gusau zuwa Kano, kuma nan da wata biyu ake so in kama aiki. Ofishin yana kan titin Zariya, wajen Gyaɗi-Gyaɗi. Ina da iyali, mata ɗaya da yara uku, biyu suna firamare. Ɗan abin da na tara zai biya haya ya yi saura, ko kuma in haɗa da rance in sayi ƙaramin gida ko fili. Wasu sun ce mini haya zubar da kuɗi ce, gara in saya kai tsaye. Ni kuma ban san garin ba sai dai wucewa. Don Allah waɗanda suka san harkar, wace unguwa ce za ta dace da ni, yaya ake hulɗa da dillalai, kuma me zan duba kafin in ba da kuɗi? Allah ya saka da alheri.

Alhaji Na-Tarauni:

Wa alaikumus salam. Malam, barka da zuwa tun kafin ka iso.

Kada ka sayi komai a shekararka ta farko. Kama haya, ka ga damina ɗaya da bazara ɗaya a garin, sannan ka yi maganar saye. Unguwa a Kano fuska biyu gare ta. Layin da ka gani tas a watan Janairu, a watan Agusta yana iya zama tafki wanda adaidaita ba ta shiga. Gidan da rijiyarsa ke cike a Oktoba, a Afrilu sai ka ji guga tana dukan ƙasa. Ɗan haya idan ya yi kuskure shekara ɗaya zai sha ya tashi. Wanda ya saya da rance kuwa, shi da wahalar sun ƙulla zama.

Batun unguwa, fara lissafi daga ƙofar ofis ɗinka, ba daga kyan gida ba. Tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin, don haka wanda ba shi da abin hawa adaidaita sahu ce ƙafarsa. Abin ƙirgawa shi ne hawa nawa za ka yi kafin ka isa. Hawa ɗaya sauƙi ne, hawa biyu da dama-dama, hawa uku kuwa abin da ka rage a kuɗin haya zai tafi a kuɗin mota, ga makara kullum. Mai aiki a Gyaɗi-Gyaɗi ya duba Tarauni, Hausawa, Unguwa Uku, Na'ibawa, Sheka, Gandun Albasa da bayan titin gidan Zu. Idan aljihu da nauyi, Hotoro ta wajen GRA da Nasarawa suna nan, amma farashinsu daban ne. Idan kana son sauƙi kuma kana da mota, Mariri, Farawa, Medile da Sabuwar Gandu suna da sababbin gidaje, sai dai ka lura da hanyar shiga layin. Kabuga, Janbulo, Rijiyar Zaki da Tudun Yola unguwanni ne masu kyau, amma sun fi dacewa da mai aiki a Jami'ar Bayero ko titin Gwarzo. Kurna, Rijiyar Lemo da Bachirawa kuwa titin Katsina ne, sai ka ratsa gari kaf safe da yamma. Kafin ka yanke, ka gwada tafiyar da kanka ranar Litinin da ƙarfe 7 na safe, ka sake gwadawa da ƙarfe 5 na yamma. Gwajin ranar Lahadi ba ya nuna komai.

Dillalai kuma, da wuya ka sami gida ba tare da su ba, domin yawancin gidajen haya ba a kafa musu allo. Sai dai ka san cewa gida ɗaya yakan bi ta hannun mutum uku ko huɗu kafin ya iso gare ka, kowa yana jiran rabonsa. Tambayar farko da za ka yi ita ce, wa ke riƙe da makulli, kuma wa mai gida ya wakilta? Wanda ya ce sai ya kira wani, wancan ma ya kira wani, to a ƙarshen igiya kake. Ka nemi dillalin da ke da ofis ko rumfa da aka san shi da ita a unguwar, ba wanda kuka haɗu a Facebook ko WhatsApp kawai ba. Hoton gida a waya ba gida ba ne. Akwai masu ɗaukar hoton gidan mutane su tallata, su karɓi kafin alƙalami daga mutum biyar, su kashe waya.

Abin da aka saba a haya shi ne la'ada kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara. Wasu kuma za su nemi ɗan abin da za su sa mai kafin su zagaya da kai, wannan ba laifi in ƙarami ne, amma ku yi maganarsa tun kafin a tashi. Ka ɗauka misali hayar naira 600,000 ce. La'ada 60,000. Idan lauya ne ke kula da gidan akwai kuɗin rubuta yarjejeniya. Wasu masu gida suna karɓar kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ake mayarwa ranar tashi in ba a lalata komai ba. Ga fenti, ga ragar sauro, ga canjin makullai, ga motar da za ta ɗauko kaya daga Gusau. Don haka ka ware aƙalla kwata na kuɗin hayar a gefe, kada ka kai duk abin da ke hannunka ga mai gida ka shiga gida ba ko sisi.

Kuɗin haya kuma asusun mai gida ko na wakilinsa da ya nuna maka da bakinsa za ka tura, ba na dillali ba. La'ada daban, haya daban, kowanne da rasit ɗinsa.

Maman Sadik:

Baban Ummi, duk abin da Alhaji ya faɗa haka yake. Ni abin da zan ƙara, kada ka biya sai maman yara ta ga gidan da idonta, ko wata 'yar'uwa da kuka yarda da ita. Namiji falo yake dubawa da wurin ajiye mota. Wadda za ta wuni a ciki ita ta san abin da ke ciwo: ina za a yi shanya, ina ruwan wanke-wanke yake fita, shin bene na maƙwabta yana leƙa tsakar gida, kicin yana da taga ko kuwa hayaƙi zai tsaya a ciki. Kuma mace za ta iya yin sallama gidan maƙwabta ta ji gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba.

Ruwa shi ne babbar magana a Kano. Kada ka yarda da "akwai famfo". Famfo yana nan a gidaje da yawa, zuwan ruwan ne abin tambaya, kuma ya danganta da layin da unguwar take kai daga Tamburawa ko Chalawa ko Watari. Ka murɗa da hannunka. Idan rijiyar burtsatse ce, a kunna a gabanka a bar ta ta yi minti 20 zuwa 30, domin mai rauni takan kawo da ƙarfi da farko sannan ta fara tari ta yanke. Ka tambaya tankin lita nawa ne, gida nawa ke sha daga ciki, wa ke biyan wuta ko man janareto na turo ruwa, kuma in injin ya ƙone wa zai gyara. Nan ne rigimar 'yan haya ta fi yawa. Ka ɗanɗana ruwan, ka wanke hannu da sabulu ka ga ko yana kumfa. Idan gidan yana kusa da masana'antun Sharaɗa ko Bompai ko Chalawa, musamman inda ake jimar fata, ruwan rijiya sai an yi hattara da shi wajen sha.

Hanya mafi sauƙi ta gane halin unguwa ita ce kallon 'yan garuwa. In ka ga kurayen ruwa jere a bakin layi da sassafe, to sayen ruwa ake yi. Tsayar da ɗaya ka tambaye shi nawa ne jarka yanzu, nawa take kaiwa a watan Afrilu. Gida mai mutum biyar, da wanka da wanki da girki da banɗaki, zai sha jarka 8 zuwa 10 mai lita 25 a rana ba tare da almubazzaranci ba. Ka ninka da kwana 30 ka ga ko gidan da ka ɗauka mai araha ne har yanzu yana da araha.

Sai makarantar yara da Islamiyya. In za su tsallaka titin Zariya da ƙafa kullum, a canza tunani. Kuma a je unguwar bayan isha'i sau ɗaya, a ga ko akwai haske a layin, su wane ne ke zama a kan kwana, akwai 'yan sintiri ko babu, nawa ake biyansu a wata. Ƙwacen waya ba abin ɓoyewa ba ne, kuma layi da layi ma sun bambanta a unguwa ɗaya.

Injiniya Ɗan Gwale:

Bari in yi maganar ginin kansa, tunda ita aka fi yi wa gaggawa.

Sabon fenti shi ne abin da ya kamata ya sa ka ƙara buɗe ido. Duba ƙasan bango daga daɓe zuwa tsayin gwiwa, ciki da waje. In ka ga fenti ya kumbura, ko wani farin gari kamar kanwa yana fita, ko fulasta tana zuba in ka ƙwanƙwasa, to danshi ne ke hawowa daga ƙasa, abin da magina ke cewa gishiri ya kama ginin. Fenti ba ya maganinsa, bayan wata uku zai dawo, ya lalata maka katifa da kabad. Ɗaga kai ka dubi silin: zagayen tabo mai ruwan ƙasa yoyo ne. Tsagar bango mai siriri a fulasta ba komai ba ce, amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, har tsinken ashana yana shiga, harsashi ne ke zama. Ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta ita ma alama ce. Ka duba jikin katako da bayan ƙofofi ko akwai hanyar gara.

Fita waje ka kwatanta tsayin dokin ƙofa da na titi. Unguwanni da yawa an yi ta ciko ana ɗaga titi har gidaje suka koma rami. Idan tsakar gida ta fi layin ƙasa, ruwan sama ciki zai shigo, ba fita zai yi ba. In ka ga an gina ɗan bango a bakin ƙofa ana tsallakawa, ko layin laka a jikin katangar maƙwabta, ruwa ya taɓa kaiwa nan. Bi lambatu da ƙafa ka ga inda ya ƙare, domin wani a bayan gida na uku yake tsayawa. Gidan da aka gina a kan tsohon kududdufi da aka cike da shara, a bar shi ko da kyauta ne. Tsofaffin unguwar sun san inda kududdufan suke.

Banɗaki: zuba bokiti biyu a jere ka ga yadda yake wucewa. Nemi inda sokawe take, ka tambayi yaushe aka kwashe ta. Idan rijiyar gidan tana dab da ita, wannan ruwan ba na sha ba ne. Abin da ake so tazarar ta kai mita 30, wanda ƙananan fulotai ba sa samu.

Wuta kuma, nemi gida mai mitarsa ta kati shi kaɗai. Mitar haɗaka da bil na ƙiyasi su ne tushen faɗa. Kafin ka biya haya, karɓi lambar mitar ka sayi wutar kuɗi kaɗan, ka dubi rasit. In akwai tsohon bashi a kanta za ka ga an cire wani abu, sai a warware da mai gida a rubuce tun yanzu. Ka tambayi rukunin da KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano, ta sa layin. A ƙa'ida rukunin A awa 20 ne zuwa sama, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kuma tun Afrilun 2024 kuɗin rukunin A ya yi tsalle sosai. Amma abin da ke takarda daban, mai shagon da ke sayar da ƙanƙara a layin shi zai gaya maka awa nawa ake samu da kuma sau nawa taransifoma ta lalace bana aka yi karo-karo.

Abu na ƙarshe, zafi. Daga Maris zuwa Mayu ana haura digiri 40. Ɗakin kwanan da bangonsa ke kallon yamma, ga silin a ƙasa-ƙasa, ga taga ɗaya, yara ba za su yi barci ba. Je ka ga gidan da ƙarfe 3 na rana.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na karɓi shawarar haya. Amma wani ya kawo mini maganar jingina, wai in ba mai gida kuɗi dunƙule in zauna shekara biyu, in zan tashi ya mayar mini da kuɗina cif. Sannan akwai fili awon igiya da aka ce mini yana da sauƙi a bayan gari, in saya in ajiye. Yaya kuke gani?

Barista Abu Hanif:

Malam, jinginar nan ana yin ta sosai a Kano, amma ka yi tunani biyu. Ta fuskar addini, malamai da yawa suna ganin rance ne da ya jawo amfani, tunda kuɗinka zai dawo cif kuma ka zauna kyauta, don haka ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Ta fuskar aiki kuma, mai gida bai karɓi kuɗin don ya ajiye ba, buƙata ce ta sa shi. Ranar da wa'adi ya cika sau da yawa sai ya sami wani mai jinginar kafin ya sallame ka. Ga faɗuwar darajar naira a tsakani. Akwai kuma gidan da aka jinginar wa mutum biyu, ko takardarsa tana banki. Baƙo a gari bai kamata ya fara da wannan ba.

Yarjejeniyar haya a rubuta ta ko da mai gidan limamin unguwa ne. A sa ranar shiga da ranar ƙarewa, adadin kuɗi, wa ke gyaran rufi da sokawe da injin ruwa, yadda za a mayar da kuɗin ajiya, da wata nawa za a sanar kafin ƙarin haya. In ka yi gyara da kuɗinka da niyyar a cire a haya, sai an rubuta kafin ka sayi buhun siminti ɗaya. Ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar da mita ke nunawa ranar da ka karɓi makulli. Inda yarjejeniya ba ta faɗi komai ba, abin da aka sani a doka shi ne mai biyan shekara-shekara ana ba shi notis na wata 6, mai biyan wata-wata wata ɗaya, bayan nan sai na kwana 7, sannan kotu. Amma in ka sa hannu a kan wata ɗaya, abin da ka sa wa hannu shi zai yi aiki, don haka karanta wannan layin da kyau. Mai gida ba shi da ikon cire maka rufi ko ƙofa ko watsa maka kaya da kansa. Bayan ka tare, ka sa maƙwabci ya kai ka ka gaida mai unguwa, zai yi maka amfani.

Yanzu fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, wanda a filin gida yawanci shekara 99 ne. Awon gwamnati yana da lambar shiri da lambar fuloti da fayil, ana iya bincikarsa. Awon igiya gona ce mai ita ya yanka ya sayar, shaidarta takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu. Sababbin unguwanni da yawa a Kumbotso da Ungogo haka suka tashi, ba wai haramun ba ne, amma haɗarinsa a wuyanka yake. Ana iya sayar da fuloti ɗaya wa mutum biyu. Ana iya barin hanyar da mota ba ta juyawa. Kuma gonar tana iya kasancewa cikin wurin da gwamnati ta riga ta karɓa ta biya diyya, ko inda titi zai bi.

Kafin kuɗi ya fita, a ɗauki safiyo ya ɗauko ma'aunin wurin, a kai KANGIS, hukumar da ke ajiye taswira da bayanan filaye ta jihar, da ma'aikatar ƙasa a duba ko yana cikin wani shiri, a kuma tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ko za ta ba da izinin gini a wurin. Fili mai satifiket ɗin mallaka na gwamnati ma a bincika fayil ɗinsa: sunan wa ke ciki, an jinginar wa banki ko a'a, akwai bashin harajin ƙasa, kuma an sabunta shi a aikin sabunta takardu da gwamnati ta ƙaddamar a ƙarshen 2024 ko ba a yi ba. Kwafin takarda ba hujja ba ce, sai ka ga ta asali. Ka nisanci jikin ganuwa, maƙabarta, filin makaranta, filin idi da hanyar ruwa. Rusau ɗin 2023 a filin idi da tsohon otal ɗin Daula ya nuna cewa wurin da asalinsa na jama'a ne, takarda ba ta hana a dawo kansa. Haka ƙarƙashin babbar wayar wuta, irin waɗanda ke fita daga tashar Kumbotso: mai ƙarfin kilobolt 330 ana barin mita 25 kowane gefe ba gini, mai kilobolt 132 mita 15.

Auna filin da tef a gabanka. An ce maka 50 da 100, ka tabbatar ƙafa 50 da 100 ne, ba 45 da 90 ba, kuma maƙwabtan iyaka huɗu su tsaya a wurin. Idan gado ne, nemi takardar rabon gado ta kotu, ko dukkan magada su sa hannu, mata da maza, har da wakilin marayu da na wanda ba ya gari. Babban wa shi kaɗai ba ya sayar da gidan gado. In kason mutum ɗaya ka saya a gidan da ba a raba ba, sauran suna da haƙƙin shuf'a, su mayar maka da kuɗinka su karɓe. La'adar saye an fi yin kashi 5 cikin 100, a yanke wa zai biya tun kafin a yi sallama. Biya ta banki da sunan mai filin, a rubuta takardar sauya mallaka, a nemi amincewar gwamna in mai satifiket ne, a yi rajista.

Alhaji Na-Tarauni:

Barista ya gama magana. Ƙari ɗaya kan "in saya in ajiye": fili awon igiya ba a ajiye shi a tafi. In ka saya, a makon nan ka kafa harsashi a kusurwa huɗu, ka ɗaga katanga ko da layi uku ne na bulo, ka sa wani a unguwar yana leƙawa, kai ma ka riƙa zuwa duk wata. Ka sa kuɗin katangar cikin lissafin sayen tun farko. Idan ka shigo garin ka sami gida biyu ko uku da suka kwanta maka, kawo sunan layin a nan, akwai waɗanda za su gaya maka yadda yake da damina.